Daga Magariba Zuwa Hantsi

Yanzu in na ce wa jikokina an taɓa ɗaure mutum a garinmu an yi masa dukan kawo wuƙa saboda ya dawo daga Makka da wuri, sai su bushe da dariya, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. To ku yi ta dariyarku, 'yan nema. Wanda aka ɗaure yayana ne, Sajo, wannan hannun nawa kuma da ba ya miƙewa a ranar aka karya shi.

Garinmu Luggere, ɗan ƙauye ne a gefen Gammo, cikin ƙasar Kabo. Kakanninmu makiyaya ne, amma a zamanin da nake ba ku labari gyaɗa ta zaunar da kowa. Shanu suna nan, sai dai hankalin maza ya koma gona da bakin sikeli. Alhaji ɗaya tak muke da shi duk garin, shi ne mahaifinmu Alhaji Datti, mu Baffa muke ce masa. Da ƙafa ya je. Ya tafi yana sabon aure da matarsa ta fari Asiya da jaki guda, ya dawo bayan shekara bakwai ba jaki, ba Asiya, sai yaro a kafaɗa. Yaron nan shi ne Sajo. A hanyar dawowa aka haife shi, a hanyar kuma uwarsa ta rasu, bakin wata rijiya gabas da Abashe, a ƙasar Wadai. Ni Altine da ƙannena daga baya aka same mu, a wurin innata.

A wancan lokaci mutane da yawa sukan yi gabas, amma ba kowa ke kaiwa ba. Wani sai ya maƙale a Sudan yana tsinkar auduga shekara huɗu biyar, ya sayi dabino da carbi da 'yar kwalbar ruwa wai zamzam, ya sa haƙorin zinariya, ya dawo gida a yi ta yi masa Alhaji, Alhaji. Alhazan auduga muke ce musu. Saboda su aka kafa ƙirgen zango a garinmu. Duk wanda ya dawo daga gabas ba ya shiga gidansa sai an zaunar da shi gindin kanyar ƙofar masallaci, Baffa ya tambaye shi hanya zango bayan zango, wane gari ke bin wane, ina ake haye kogi, wace rijiya ce ruwanta ke sa zawo. In ya ƙirga daidai a rungume shi a yanka masa sa. In ya yi tuntuɓe a tuɓe shi, a ɗaure jikin kanyar, a ba shi tsumagiya har sai ya faɗi da bakinsa inda ya tsaya.

Mutum ɗaya na ga an yi wa haka ina yarinya, wani dogon makiyayi wai shi Dabo. Ya ƙirga tsaf har Hartum. Da aka zo Bahar Maliya sai shashashan ya ce ruwanta daɗi gare shi, har ya cika salkarsa. Baffa ya ce a ɗaure shi. Cikin dukan bakin tsumagiya ya sami idonsa na hagu, idon ya tsiyaye. Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi 'ya, yara kuwa in sun hango shi sai su yi ta kiran Alhajin Hartum suna gudu. Duk da haka safe da yamma sai ya zo ya durƙusa ya gai da Baffa. Muka ce ya yi haƙuri, ashe ajiya mugun yake yi.

Yaya Sajo kuwa gyaɗa ta karɓe shi. A Gwarzo yake, yana saya wa wani attajirin birni, kaka na yi sai ka ga buhunansa jibge kamar tsauni, motoci na kwasa zuwa Kano. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai kyauta, mai bakin tsiya. Ni tun ina goye yake tsokanata, wai kunnuwana kamar faifai. Wata shekara, ana cikin shuka, ya zo gida a kan kekensa ya ce zai tafi aikin hajji a jirgin sama daga Kano.

Ku sani, Yaya ɗan fari ne, mu kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya dubansa ido cikin ido, ba ya nuna yana sonsa ko da son zai kashe shi. Don haka ta bakina suke magana, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zaune.

Baffa ya ce, "Altine, tambayi yaron nan, jirgin nan nasu ya fi doki gudu?"

Yaya ya ce, "Faɗa wa Baffa doki ko ƙurarsa ba zai gani ba. An ce mini kwana ɗaya ne zuwa Jidda. Hajjin bana zan samu."

Baffa ya yi murmushi irin na wanda yaro ya zo wa da shirme. Ya ce, "Wanda ya faɗa masa haka bai taɓa zuwa ba. Da ƙafa shekara uku na yi kafin in ga teku. Doki, in da harawa a hanya, a ce shekara. Jirgi ya yi gudun duniya a ce wata huɗu. Hajjin baɗi zai samu, in Allah ya so."

Yaya ya ƙyafta mini ido ya bar maganar. Shi kansa, ina jin, bai gama yarda da kwana ɗayan ba.

Da zai tashi Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce masa in sun sauka zango a Abashe ya nemi rijiyar da ke gabas da gari, tafiyar yini biyu. Uwarsa na nan arewa da rijiyar. Ya ƙara mata duwatsu, kuraye sun yi yawa a wurin."

Tun da nake ban taɓa jin Baffa ya roƙi wani abu ba sai ranar. Yaya ya ce, "To." Kai, wannan "to" ɗin, da ya san abin da za ta jawo da ya haɗiye ta.

Aka yi masa sallama irin ta mai tafiya gabas, wato kamar ta mamaci. Ya bi gida gida yana neman gafara, mata na kuka, matarsa Asibi ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin innata don zaman shekara. Gyaɗa a lokacin ta fara tsirowa ke nan.

Gyaɗa na fure, gero bai ko fitar da kai ba, sai ga Yaya Sajo a kan hanyar Kabo, da farar jallabiya da makawiya a ka, ɗauke da akwatin ƙarfe, yana wa mutanen gona sallama yana washe baki haƙorin zinariya na walƙiya. Wallahi ko mace ɗaya ba ta yi guɗa ba. Maza suka miƙe daga noma suna kallonsa kamar sun ga gawa ta tashi, suka biyo shi a baya da fartanyunsu a kafaɗa. Ni na sheƙo da gudu na rungume shi, ina cikin murna sai na hango Dabo ya jingina da sandarsa yana kallo da idonsa ɗaya.

Dabon ne ya fara magana. Ya ce, "A zaunar da shi."

Bayan sallar azahar aka taru gindin kanya. Hadari ya haɗo daga gabas, zafi kamar a tukunya. Mata muka tsaya bayan dangar masallaci muna leƙe. Baffa ya zauna kan buzunsa da carbi a hannu, Yaya a gabansa a ƙasa. Ranar dole ya yi masa magana da kansa, amma idonsa na kan carbin.

"Daga Kano ina kuka sauka?"

"Hartum, Baffa."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Baffa ya ce, "Yarwa fa? Lami fa? Fashir fa?"

"Ta sama muka wuce su. Mun tashi Kano bayan sallar magariba, muka sauka Hartum da asuba, aka ba jirgi mai, muka yi salla, muka sake tashi. Hantsi bai gama ɗagawa ba muna Jidda."

Dabo ya kwashe da wata muguwar dariya har yana dukan cinya. "Daga magariba zuwa hantsi! Jama'a kun ji fa! Ni daga magariba zuwa hantsi ko Getso ba na kaiwa da shanu."

Yaya ya ce, "Ai jirgi ba saniya ba ne, Dabo. Wani ma'aikacin jirgin ya ce mini mil dubu biyu ne da ɗoriya tsakanin Kano da Jidda."

"Mil kuma wace dabba ce? Zango ake tambayar ka, ɗan gyaɗa."

Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Kogin Lami, da me kuka haye?"

"Ta sama, Baffa."

"Bahar Maliya, yaya ruwanta yake a baki?"

"Ban taɓa ba. Na dai hango ta ta taga, shuɗiya kamar baba a marina."

Komai ta sama, komai ta sama. Ina jin yadda kalmar ke ƙara tunzura mutane. Yaya ya ga haka sai ya shiga ba da labarin Makka, ɗawafi, da tsayuwar Arfa, da jifan shaiɗan, da yadda aka tattake masa ƙafa a Mina. Duk daidai ya faɗa, na ga Baffa na gyaɗa kai a hankali. Sai Dabo ya katse shi. Ya ce wannan wa bai haddace ba a bakin Alhaji, shekara da shekaru ana ji a zaure? Yaya ya nuna haƙorinsa. Dabo ya sa yatsa ya ɗage leɓensa ya nuna nasa, ya ce, "Ga nawa, na Hartum. Yanzu ma ba sai ka wahala ba, a birni ake sawa."

Nan Baffa ya ajiye carbin. Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da muka matso jikin danga.

"Saƙon da na ba ka fa?"

Na ga Yaya ya ɗago ya dubi fuskar tsohon. Ni na san abin da ya gani, don ni ma na gani. Mutumin da ya haƙa kabarin matarsa da hannu, ya ɗauki jariri ya ci gaba da tafiya, yau shekara talatin da wani abu yana jiran wanda zai ce masa tana nan lafiya, kura ba ta tone ta ba. Yaya mai taushin zuciya ne, nan ya cuci kansa.

Ya ce, "Na je, Baffa. A dawowa mun ɗan sauka kusa da wurin. Na ƙara mata duwatsu."

Baffa ya ɗago kai. Ya ce, "Wace bishiya ce a kanta?"

Yaya ya kau da ido. Ya ce, "Aduwa."

"Babu bishiya a wurin. Ko ciyawa babu. Da rigata na yi mata inuwa har ta cika."

Yaya ya fara cewa, "Baffa, wannan kam na faɗa ne don hankalinka ya kwanta, amma sauran..." Ina! Dabo ya riga ya miƙe.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne! Wanda ya yi ƙarya a kan kabarin uwarsa, ɗakin Allah ne zai bari? Alhaji, hukunci muke jira. Ko dokar ta 'ya'yan wasu ce?"

Kowa ya zuba wa Baffa ido. Da ɗan wani ne, wallahi na san da ya ce a dakata a bincika, a aika Gwarzo a tambayo. Amma ɗansa ne, ɗan fari kuma, ga Dabo tsaye da ramin ido a fuska. Baffa ya ɗauki carbinsa ya ce, "Abin da aka yi wa kowa."

Suka yi masa caa. Aka fizge makawiyar aka tattake, aka yage jallabiyar daga wuya har ƙasa, aka haɗa ƙirjinsa da kanya aka ɗaure hannayensa ta ɗaya gefen da igiyar shanu. Mutanen da ya sha ba su bashin iri, waɗanda ya sha ɗinka wa 'ya'yansu kayan salla, su ne ke jan igiyar. Dabo ya ce shi zai riƙe tsumagiya, ba wanda ya hana shi.

Ta farko ta tsaga fata daga kafaɗa zuwa ƙugu. Yaya ya yi ƙara. Dabo ya ce, "Ina ka tsaya?"

"Na je Makka."

Ya ƙara masa. "Ina ka tsaya?"

"Na je Makka."

Ban san lokacin da na ture danga na faɗo cikin maza ba, ko mayafi babu. Mijina Hammadu ya cafke ni ta baya. Ina ta ihu, "Yaya ka ce Kano! Ka ce a Fagge ka zauna! Ka faɗa su sake ka, don Allah!" Ai dokar ke nan, da ya ambaci gari ɗaya an gama, sai a kwance shi ya ci gaba da rayuwa da kunyarsa kamar yadda Dabo ya yi.

Yaya ya juyo da kai, gumi da jini na zuba, ya ce, "Altine, na taɓa ɗakin Allah da hannun nan. Na yi ƙarya ɗaya yau, ba zan ƙara ba."

Taurin kan gidanmu ke nan, Allah wadaran taurin kai. Tsumagiya ta karye a bayansa, aka miƙa wa Dabo wata, ita ma ta karye. Bayan Yaya ya koma kamar naman da aka yanyanka za a shanya. Jini ya bi ƙafafunsa ya jiƙa ƙasa. Wasu suka fara ja da baya, wani tsoho ya ce ya isa haka, amma Dabo ya daina ji. Ba Yaya yake duka ba, idonsa yake ramawa. Ya yar da guntun tsumagiyar ya ɗauki sandar kiwonsa, irin mai kauri da ake faɗa da kura da ita.

Ya zagayo ta gaba, ya kama gashin Yaya ya ɗago kansa. "Wannan haƙorin ba naka ba ne." Ya daka masa gindin sandar a baki. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Haƙora suka zubo da jini, na zinariyar a cikinsu.

Nan na gantsara wa Hammadu cizo a dantse har sai da na ji gishirin jininsa, ya sake ni. Na yi wurin Baffa na faɗi gabansa na kama ƙafafunsa. "Baffa ɗanka ne! Zai kashe shi! Ka yi magana!" Bai dube ni ba, bai dubi kanya ba. Carbi na gudu a hannunsa, ya ciji leɓensa har jini na bin gemunsa, amma bakin nan bai buɗe ba. Kunya, wai! Kunyar ɗan fari. Tir da kunyar da za ta sa uba ya zauna ana karya ɗansa a gabansa.

Na tashi na ruga na kifa jikina a bayan Yaya. Sandar ta riga ta taso. Na ɗaga hannu na tare, ta sauka a nan, ƙasa da gwiwar hannu, ƙashi ya yi ƙas. Na zube. Ina ƙasa ina kallo ya sauke masa ɗaya a haƙarƙari, ya ƙara ɗaya a kwiɓi, ya ƙara ɗaya a ƙeya. A ta ƙarshen kan Yaya ya langaɓe jikin kanyar. Sai a lokacin Hammadu da wasu maza suka danne Dabo suka ƙwace sandar, yana ta kumfar baki yana cewa bai faɗa ba tukuna, bai faɗi inda ya tsaya ba.

Ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya watse da fartanyarsa, mu mata muka kwance shi. Da haƙori na kwance ƙullin igiyar, don hannuna ɗaya na lilo.

Ya kwana biyu a ɗakin innata. Maɗori ya zo ya ɗora ni, ya taɓa haƙarƙarin Yaya ya girgiza kai ya fita. Fitsarinsa jini ne, bakinsa ya kumbura ba ya iya shan ko fura, sai Asibi ta riƙa ɗiga masa ruwa da auduga. Baffa bai shigo ba. Sai ya zo bayan zana ya tsaya, in ji takunsa, ya ce, "Altine, yaya mai jiki?" Ban amsa masa ko sau ɗaya ba. Rana ta uku da hantsi Yaya ya cika. Dabo kuwa tun kafin a fitar da gawa ya kora shanunsa ya yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gari ya haɗa baki, duk baƙon da ya tambaya sai a ce faɗowa ya yi daga kan rumbu.

Ranar sadakar bakwai ana zaune a ƙofar gida, mu mata muna zaure muna raba gumba, sai ga wani dattijo a kan jaki daga Gwarzo, da makawiya a ka. Alhaji Jibirin sunansa, malami ne. Bai san an yi mutuwa ba. Ya yi sallama yana fara'a, ya ce ya zo yi wa abokin tafiyarsa Alhaji Sajo barka da sauka, kujerarsu ɗaya a jirgi zuwa da dawowa. Da aka faɗa masa ya yi salati ya zauna daɓas.

Baffa ya dube shi. Can ya ce, "Malam, ka san hanyar gabas?"

Ya ce, "Da ƙafa na fara zuwa, ina saurayi. Wannan na biyu ne."

"Daga Yarwa ina?"

Malamin ya gane inda aka dosa. Ya gyara zama ya shiga ƙirga masa, gari bayan gari, inda ake haye kogin Lami da kwalekwale, rijiyoyin Wadai masu ɗaci, yashin Fashir, gonakin audugar Sudan, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa, da gishirin Bahar Maliya mai tsattsage leɓe. Ko tuntuɓe ɗaya bai yi ba. Wani wurin ma shi ya tuna wa Baffa.

Sannan ya ce, "To Alhaji, duk wannan da muka ƙirga, ni da ɗanka mun wuce shi daga magariba zuwa hantsi. Ni ma da na sauka Jidda sai da na taɓa ƙasa na sa a baki, don na ɗauka yaudararmu aka yi. Zamani ne ya zo da abinsa."

Ba wanda ya ɗaga kai a cikin mazan nan. Malamin bai san komai ba, bawan Allah, sai ya ci gaba da yabon mamaci. Ya ce yaron kirki, duk jirgi na barci shi ya ƙi runtsawa, sai damun ma'aikacin jirgi yake da tambaya ko an zo Abashe. Da aka ce masa yanzu ana kan Wadai, sai ya roƙa a ɗan sauka, aka yi masa dariya. Ya zaro wani dutse daga aljihu, wai daga gida ya taho da shi, yana ta lalube yana neman inda zai jefa, taga kuwa ba ta buɗewa. Ya manna fuskarsa jikin gilashi, ba abin da ake gani sai duhu, yana karanta Ƙulhuwallahu yana kuka kamar ƙaramin yaro. A dawowa ma haka.

Baffa ya ce, "Wadai ɗin, tsawon wane lokaci kuka yi a kanta?"

"Kamar tsakanin magariba da lisha."

"Mu wata biyar muka yi," in ji Baffa.

Ya miƙe ya nufi ƙofar masallaci, mutane suka bi shi a baya, mu ma muka fito. Ya tuɓe rawaninsa ya ajiye, ya tuɓe riga, ya rage daga shi sai wando, tsoho duk ƙasusuwa. Ya rungumi kanyar, har yanzu da baƙin jini a jikin ɓawonta. Ya ce, "Na ƙaryata mai gaskiya. A ɗaure ni."

Ba wanda ya motsa.

"Na ce a ɗaure ni! Ina masu jan igiya? Ina ƙarfin naku na rannan?"

Sai suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, matsorata, wannan ya tuna da akuyarsa, wancan ya tuna da gonarsa. Liman ya yi ta ba shi haƙuri yana cewa ƙaddara ce, shi ma ya gaji ya tafi. Alhaji Jibirin ya tsaya baki buɗe, sai yanzu ya gane wace irin faɗowa aka yi daga kan rumbu. Baffa ya waiga ya ga ba namijin da ya rage a garin, sai idonsa ya faɗo kaina.

"Altine. Zo ki ɗauka."

Akwai wata tsumagiya a gindin bishiyar, cikin waɗanda aka yanko rannan ba a kai gare ta ba. Na je na ɗauka da hannun hagu, na dama na rataye a wuya cikin karan ɗori. Wallahi na ɗaga ta. Na so in tsaga bayan nan, na so in ji ya yi ƙara irin wadda Yaya ya yi. Ya runtse ido ya ƙara ƙanƙame bishiyar, sai na ga fuskarsa ta saki, kamar mai ƙishi ya hango ruwa. Ashe dukan yake so, shi ne zai rage masa nauyi.

Na sauke hannuna. Na ce, "Baffa, ba zan sauƙaƙa maka ba." Na karya tsumagiyar a gwiwa na watsar, na juya na tafi gida.

Yana ta kirana har na shige zaure, "Altine, don Allah. Altine." Ban waiga ba. Ya ƙara shekara goma sha a duniya, ni nake kai masa tuwo, ni nake wanke masa riga, kuma duk ranar da na ajiye masa akushi sai ya roƙe ni dukan nan, ni kuma in ɗauki na jiya in fita.